Kashin Awakin Surukata

Shekarar da mai gidana ya dawo daga aikin hanyar Nasara a Madawa, ya ce mun yi yawa a gidan mahaifinsa a Tabotaki, lokaci ya yi da za mu gina namu. Ya kai ni wani fili shimfiɗaɗɗe a gindin tudu, ƙasa mai laushi, ga gawo mai inuwa. Tun a nan na zaɓi inda zan kafa murhu da inda turmina zai zauna.

Surukata ta zo ta duba. Washegari ta ciko ƙwarya da kashin awaki, ta watsa rabi a filinmu, ta hau tudu ta watsa sauran a wani wuri mai tsakuwa.

"Ku jira ruwan fari," in ji ta.

Wata guda ina daka ina gunaguni. Wace irin tsohuwa ce ke zaɓar gida da kashin awaki?

Da ruwa ya sauka, muka fita da safe mu uku. Kashin da ke kan tudu yana nan yadda ta bar shi. Na filinmu kuwa ko ƙwaya babu. Muka bi sawun ruwa har bakin korama, can muka tarar da shi ya taru a gindin ƙaya.

Ta dube ni tana dariya. "Ɗiyata, da a filin can kuka gina, da turminki muka zo ɗauka nan."

A tsakuwar muka gina. Har yau ina haki in na hau da tulu, amma ban taɓa kwashe ruwa daga ɗakina ba.