Katin Allurata Yana Tsallaken Iyaka

Ƙarfe bakwai da kwata na safe muka tsallaka iyaka cikin tasi. Mu uku ne: ni, da yayana wanda yanar ido ta rufe masa gani, da direba, mutumin can tsallaken. Daga Shinkafi muka taso. Likitan idon da za mu gani, da azahar yake tashi, kuma in ya tafi sai damina ta wuce.

A wajenmu shinge aikin direba ne. Ya rage gudu, ya dunƙule hannu ya miƙa ta taga, fasinja na kallon gonakin dawa. A can kuwa kowa da kansa yake fita gaisuwa. Direba ya gaya mini haka tun a tasha. Na ce masa ni takarduna sun cika.

Muka iske igiya a gicciye, da jandarma biyu gindin bedi. Na fita na jera wa babbansu takardu a kan benci: na farko katin zama ɗan ƙasa, na biyu takardar asibiti, na uku katin allurar rigakafi.

Ya ce, "Madalla, Alhaji. Irinku muke so."

Ya fara karatu. Ban taɓa ganin mai girmama takarda irinsa ba. Ya karanta gaba, ya karanta baya, ya ɗaga wa rana. Ya aika aka kawo masa shayi. Motocin da ba su da ko tsinken takarda suna ta gaisawa suna wucewa.

Direba ya matso kusa da kunnena. "Alhaji, da ba ka da komai da tuni mun yi nisa. Kai ka kawo mishi abin karatu!"

Na ce ban yi laifi ba.

Daga cikin mota Yaya ya ɗaga murya. "Kai, idona muka zo gyarawa ko ƙasar mutane?" Ya lalubo kuɗi a aljihu ya miƙa wa direba. Jandarma ya ce ba ya taɓa naira. Sai ga mai shayin nan ashe shi ne ɗan canji, sefa a ƙarƙashin faifan burodi.

Aka sauke igiya domin Yaya. Ni aka ba ni takarduna biyu, aka riƙe katin allura, wai hatimin ya karkace, amma ana iya miƙe shi. Na dubi inuwar bedi ta tsuke. Na bar masa katin na shiga mota.

Mun iske likita yana wanke hannu zai fita. Ya dubi Yaya, ya mayar da rigar aikinsa. Yau Yaya da kansa yake zuwa kasuwar Zurmi, yana ba mutane labarin taurin kaina.

Mai karatu, in hanya ta bi da kai can, ka tsaya gindin bedin ka karɓo mini katina. Ruwan ɗorawa ne, an naɗe gefensa da salatif. Kada ka ba su ko sisi a kansa.