Kwalaben da Babana Ya Kwantar Ƙarƙashin Matakala

A gidanmu na unguwar Ammariyya ba a hura wuta don ɗumi. Wa zai nemi ɗumi a Jidda? Garwashin shayi ne kawai a ɗan kasko a saman soro, kuma nan muke kewaye Sitti bayan magariba. Sitti kakata ce, uwar babana, wadda ta zo hajji a ƙasa tun da ƙuruciya ta zauna. Sana'arta sobiya, ruwan sha'ir da burodi da sukari da ake rububinsa da azumi. Ƙyalle kawai take rufa wa tulunta, kuma ba ta yarda ya daɗe a ajiye. Masifaffiya ce ta gaske, har mai ruwa da jakinsa tsoronta suke ji. Mutum ɗaya ne bakinta bai taɓa dira kansa ba: babana, domin shi ne ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Wancan" take ce masa.

Baba kuku ne a jirgin ruwan dakon kaya. Wata dawowa, gab da azumi, ya zo da labarin wata ƙasar Turawa mai sanyi inda ake yin giya mai kumfa. Ummata yake ba labarin, Sitti na gefe tana tsince sha'ir.

"Wallahi ban ɗanɗana ba, gani kawai na yi. Inabinsu tsami gare shi, don rana ba ta isarsa. Su matse shi ya tsimu, su ɗura a kwalba, su ƙara sukari da yis, su toshe, su kwantar a ramuka masu sanyi ƙarƙashin ƙasa. Iskar ta rasa hanyar fita, sai ta koma kumfa. Daga baya su riƙa juya kwalbar suna kifa ta kaɗan-kaɗan, har dattin ya taru a wuya su fitar. Ni ba giya zan yi ba. Amma in sobiyarmu ta yi kumfa irin na lemon kwalba, halas, mun kashe kasuwar kowa!"

Sitti ta ja tsaki mai tsawo. Da magariba ta yi sai ta tara mu. Baba na jingine da bango yana kurɓar shayi.

"Ga ta nan, ku buɗe kunne, har da masu kunnen ƙashi," in ji ta, da murya sama da ta kullum.

"Yalla, ta zo mu ji ta!" muka amsa.

Ta ce wai akwai wata ƙasa da ranarta marowaciya ce. Can aka haifi wata aljana, 'Yar Tsami, mai baƙar zuciya. Mutanen ƙasar suka yi mata wayo, suka cika mata baki da sukari, suka tura ta cikin kwalba suka toshe. Ta yi ta huci ba wurin fita. Suka kai ta rami mai sanyi, sanyi ya lallashe ta ta yi barci, amma hucin na nan a cikinta. Sai ga wani baƙo, sarkin shisshigi, ya gani ya yi sha'awa, ya sato ta ya kai garin uwarsa, inda rana ke gasa ƙwai a kan dutse. Zafi ya tashe ta.

"Ta yi tsalle ta tarwatsa gidan," Sitti ta ce tana zungurar garwashi. "Su can suna da rami da sanyi. Shi wancan wawan me yake da shi? Kan kusu ya ƙone, wanda bai ji bari ba ya ji hoho."

Muka yi dariya. Baba ma ya yi dariya, har ya ce, "Tsohuwa ta iya tatsuniya." Ya ɗauka hirar yara ce.

Ashe ya riga ya tara kwalabe. Ya cika su da sobiya, ya ƙara sukari da yis, ya ɗaure bakinsu da waya, ya kwantar ƙarƙashin matakala, wai nan ne ya fi sanyi. Sitti tana gani. Sau nawa ta wuce ta gabansu tana tsaki? Tuluna sun fi ƙarfinta ne, balle kwalabe? Amma kayan ɗan fari ne, hannunta ba zai kai ba.

Ana tsakiyar azumi, da la'asar sakaliya, kwalbar farko ta fashe kamar bindiga, sauran suka bi. Kumfa ya malalo har ƙofar gida. Warin kuwa ko yaro ya san ba na sobiya ba ne, na giya ne. Kafin a sha ruwa lungu ya cika da mutane, kafin isha askarawa sun tafi da Baba. Aka yi masa bulala, aka soke masa iƙama, wato takardar izinin zama, aka sa shi a jirgi zuwa Bur Sudan a tsallaken teku. Bai sake taka Jidda ba. Tulun Sitti ma ba wanda ya ƙara leƙawa.

Shekaru da yawa ina cewa darasin shi ne kowace dabara da ƙasarta. Haka ne, kuma Baba ya yi wauta, ban wanke shi ba. Amma da na girma na haifi nawa ɗan farin, sai haushina ya koma kan Sitti, kuma har yau bai huce ba. Matar da ke zage unguwa guda kan gwangwanin ruwa ta kasa cewa, "Kai, zubar da wannan!" Ta san abin da zai faru sarai, ta tsaya tana ba mu labarin aljana. Wace irin kunya ce wannan, da za ta raba yara da ubansu? Ni nawa ɗan, da sunansa nake kiransa, in ya karkace in faɗa masa ido da ido, masu cewa na yi rashin ta ido su yi ta faɗa.

Ranar da labarin rasuwar Baba ya iso ne na fara jin sunansa a bakinta. Tana zaune a gindin matakalar ta ce, "Habibu," a hankali, kamar yana kusa zai amsa. Na tashi na bar mata wurin.