Uku a Sibit

Idan iskar teku ta taso bayan la'asar, da ɗuminta da ɗan gishirinta, sai in ga kaina a kan rufin nan na unguwar Karantina a Jidda, kamar ban taɓa saukowa ba. Tabarma, butar shayi, tattabarun maƙwabta suna ta kewaya a sama, mu huɗu kuma a zaune da karta a hannu.

Wani dattijo ɗan Sudan ne ya koya mana biriji. Ya daɗe yana tuƙa wasu injiniyoyi, a wurinsu ya ɗauko wasan. Bibbiyu ake yi, abokinka yana fuskantarka, kuma kafin a jefa kati sai an yi ciniki, kowa ya faɗi yawan cin da zai iya da launin da yake so. Ba ka ganin hannun abokinka. Da abin da bakinsa ya faɗa kaɗai kake tafiya.

Nawa abokin tela ne, haifaffen Jidda, ya ɗan girme ni. Mutum ne mai sanyi, Hausarsa rabi Larabci. Ɗan Sudan kuwa yana zama da wani Bazazzage mai gyaran na'urar sanyi.

Tun farko dattijon ya ja mana kunne. Ya ce idan hannunka ba ƙarfi amma kana da kati bakwai a launi ɗaya, ka yi tsalle ka ce uku, ka toshe wa abokan karawa hanyar ciniki. Sai dai launin ya zama mai kai. Cikin manya uku, akka babbansu da shayib mai hoton tsoho da bint mai hoton mace, ka riƙe biyu, domin a kansu abokinka zai yi gini.

Ni kuwa yadi nake sayarwa a kasuwar Bab Makka. Na saba in ɗaga murya in yabi kaya tun mai saye bai taɓa ba. Da zarar na ƙirga bakwai, ko tarkace ne, sai in ji bakina ya ce uku. Ina jin daɗin yadda Bazazzage yake ɓata fuska.

Wata Juma'a na ce uku a sibit, baƙin launin nan mai kamar ganye. Tela yana riƙe da akka, ya lissafa cewa sauran manyan suna wurina, ya ƙara ciniki ya karɓi wasan. Bisa ƙa'ida na shimfiɗa katina a tabarma kowa ya gani. Tela ya daɗe yana dubawa.

"Alhaji, ina shayib?"

"Ya tafi umara," na ce.

"Bint fa?"

"Ta raka shi."

Bazazzage ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Tela bai yi ba. Ya buga wasan a hankali, aka kayar da mu warwas, sannan ya ce, "Ya akhi, ɗan'uwana, idan ka ce uku, gida nake gani da ƙofofinsa. In na shiga sai in tarar ba rufi."

Na ɗauka raha ce. Na ci gaba da halina, shi kuma ya ci gaba da amsa mini na wani lokaci, daga baya amsar ta riƙa raguwa ban lura ba.

Har yau ina ganin hasken ranar da abin ya zo mini da gaske. Rana ta yi ja ta wajen tashar jiragen ruwa, wata mata tana kwashe shanya a rufin da ke kusa. Na buɗe hannuna, ga akka, ga shayib, ga bint, da ƙanana huɗu a bayansu, duk sibit. Na ce uku, na kafe tela da ido.

Ya dubi katinsa, ya dube ni. "Bas," ya ce, wato ya wuce.

Da ya shimfiɗa nasa, manyan sauran launuka ne jere kamar an zaɓo. Da ya amsa, da mun kai cinikin ƙarshe, irin wanda ban taɓa gani ba a rufin nan. Na cinye katin duka, ba su sami ko ɗaya ba, amma ladan uku kawai aka ba mu.

"Me ya hana ka, Malam? Wannan karon fa suna nan."

"Da wane ido zan gane wannan karon?" ya ce. Babu fushi a muryarsa. Ya miƙa hannu ya ƙara mini shayi.

Mako na gaba na hau rufin na tarar tela ya koma gefen haguna, Bazazzage ya zauna a gabana. Ba wanda ya yi bayani. Haka muka ci gaba har shekarar da aka rushe unguwar kowa ya kama gabansa. Muna gaisawa, muna zuwa masallaci tare, shi ya ɗinka wa 'yata kayan biki. Na gyara cinikina, na daina cewa uku sai launin ya cika sharaɗi, kuma na san ya gani, domin daga inda yake zaune babu abin da ke wuce shi. Sau ɗaya na ce masa ya dawo gurbinsa.

"Halas, ya wuce, Alhaji," ya ce. "Nan ma ina jin iska."