Alamar Tarawa

Aji huɗu na yi a elementare, daga nan aka sallame ni. Na faɗi wannan tun farko don a san cewa abin da zan ba da labarinsa ba cikin jahilci na aikata shi ba. Na iya karatu, na iya rubutu, na kuma san lissafi gwargwadon wanda zai hana in yi kuskure a awon yadi.

Gidanmu a Fagge yake. Kakanmu daga Barno ya zo ya zauna, mu kuwa a nan aka haife mu, ba mu san wani gari ba. Baba tela ne. Yana da rumfa a ƙofar gida da keken ɗinki biyu, ɗaya nasa, ɗaya wanda ya zaunar da ni a kai ranar da makaranta ta gama da ni. Bai taɓa son boko ba. Mai unguwa ne ya zo ya rubuta sunana, bayan shekara biyar ya dawo ya rubuta na ƙanena, autan ɗakinmu. Duk biyun Baba ya ba da mu ne fuska a murtuke, don babu yadda zai yi.

Malamin aji huɗu mutumin ƙasar Zazzau ne, Kirista, yana haya a Sabon Gari. Yakan zo a keke, da gajeren wando na kaki da doguwar safa. Hausa a bakinsa ta fi ta wasunmu fita. Ya iya koyarwa, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba, kuma ni maƙiyinsa ne. Bakinsa ne ba shi da linzami. Shekarar da nake ajinsa, da lokacin zaɓen yaran da za su zauna jarrabawar shiga midil ya yi, sai ya bi layi yana taɓa kan waɗanda ya zaɓa da rula. Da ya zo kaina ya tsaya, ya ce, "Kai kam je ka taya babanka zura zare. Allura ba ta tambayar bakwai sau takwas."

Aji ya kwashe da dariya. Har na fara gemu akwai waɗanda in mun haɗu a hanya sai su ce, "Bakwai-sau-takwas, ina gajiya?"

Da ƙanena ya kai aji huɗu, hannun wannan malamin ya faɗa. Yaron kuma sai ya kasance kansa na ja. Tun ba a raba shekara ba malamin ya ce shi ne na farko a cikin waɗanda zai sa a jarrabawar, kuma in Allah ya yarda babu abin da zai hana shi cinyewa. Ya ba shi littafin rubutu sabo, ya ce ya riƙa tafiya da shi gida. A lokacinmu a kan ɗan allon dutse muke rubutu, mu goge, mu bar shi a makaranta, saboda haka Baba bai taɓa ganin abin da ake koya mini ba. Sau biyu a mako kuma, bayan la'asar, yaron yakan taka zuwa gidan malamin a Sabon Gari a ƙara masa lissafi. Ba a daɗe da yin rigima tsakanin mutanen gari da na Sabon Gari ba, ana ta kallon juna a kaikaice. Duk ranar da zai tafi sai Baba ya yi tsaki, Inna kuma ta ce, "A bar shi mana, ai karatu ne, kafin magariba ya dawo."

Ni kuwa ina rumfa ina hura gawayin dutsen guga. Shi yana zaure a kan tabarma yana rubutu, masu kawo ɗinki suna leƙa shi suna cewa, "Wannan akawu za a yi." Wani dattijo ma ya taɓa ce mini, "Ka riƙe shi da kyau, wata rana kai za ka ɗinka masa kwat." Na yi dariya tare da kowa. A ranar ko abinci ban iya ci ba.

Saura kamar mako uku jarrabawa abin ya faru. Inna ta aiki yaron niƙa, ya bar littafin a kan benci. Baba yana neman takardar da zai naɗe wa wani maɓallai, sai hannunsa ya kai gare shi. Ya buɗe ta dama, kamar yadda ya saba buɗe littattafansa na Larabci, ya soma juyawa daga ƙarshe zuwa farko. Na ga ya tsaya. Ya kai shafin kusa da ido, ya juya wani, ya sake juya wani.

"Zo nan," ya ce mini. "Kai da ka yi bokon. Mene ne wannan?"

Yatsansa yana kan alamar tarawa. Layi ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance ya gitta shi. Shafin cike yake da ita, kowane layi tana zaune tsakanin lambobi biyu, yaron ya zana ta da kyau kamar da rula. Yaro ɗan aji ɗaya ya san ta. Da na ce "tarawa ce, Baba, uku da biyu," da shi ke nan, ya mayar da littafin ya nemi wata takardar.

Abin da na ce shi ne, "Ni dai ta yi mini kama da abin da ke saman cocin Sabon Gari."

Baba ya dube ni. Ya sake duba shafin.

"A wurinku ma haka aka koya muku?"

"A lokacinmu ban gan ta ba. Wataƙila a gidansa yake ba su."

Ban shirya wannan magana ba, amma ba zan ce suɓutar baki ce ba. Ina faɗa ina jin daɗinta. Na ɗauka za a yi wa yaron faɗa, a hana shi zuwa Sabon Gari, ya ɗan sauko daga inda aka ɗora shi. Iyakar abin da na hango ke nan, ban kuma damu in hango gaba ba.

Da yaron ya dawo da garin a ka, Baba bai bari ya shiga gida ba. Ya nuna masa shafin ya ce, "Wa ya sa ka zana kuros?"

"Ba kuros ba ne, Baba. Alamar tarawa ce. In an ce huɗu a tara da biyar."

"To me ya hana a rubuta huɗu da biyar?"

"Haka ake yi. Yaya ma ya sani. Yaya, gaya masa."

Na ci gaba da taka keke. Ban ɗaga kai ba.

"Yayanka ya ce bai taɓa ganinta ba."

"Ƙarya yake yi."

Marin da Baba ya yi masa sai da garin ya zube. Ba don kuros ɗin ba, don ya ƙaryata na gaba da shi a gaban mutane. Baba ya jefa littafin a aljihun kekensa ya kulle, ya ce daga yau babu makaranta sai ya ga dama. Inna ta fito ta tattara garin da za a iya tattarawa. Ta dube ni, na kau da kai.

Kwana uku yaron bai je ba. Rana ta huɗu bayan azahar sai ga malamin a kan kekensa. Rumfar cike take, akwai masu jiran ɗinki, akwai masu zaman hira. Ya jingina keken ya yi sallama. Baba ya amsa a taƙaice bai tsayar da ɗinki ba, bai kuma nuna masa wurin zama ba.

"Baba, yaro na zo bi. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Ɗana ne, yana gidan ubansa."

"Saura kwana kaɗan jarrabawa. Na riga na aika da sunansa."

"Sai ka aika a goge."

Baba ya buɗe aljihun keke ya fito da littafin ya miƙa masa a buɗe. Ya ce, "Mun ba ku yara don an tilasta mana. Ba mu ba ku don ku riƙa sa su zana abin bautarku sau ɗari a rana ba."

Malamin ya duba shafin. Da farko bai gane ba. Da ya gane sai ya yi dariya, kuma wannan dariyar ita ce kuskurensa na farko. Ya ɗebi maɓallai daga gwangwanin da ke kan benci, ya ajiye uku a nan, biyu a can, ya tura su suka haɗu.

"Ka gani, Baba? Uku da biyu. Alamar ba ta cewa komai sai a haɗa."

"Na san uku da biyu biyar ne tun ba a haife ka ba," in ji Baba. "Ban taɓa bukatar kuros a tsakaninsu ba. Mayar mini da maɓallaina."

Masu zaman hira suka yi dariya. Malamin ya waiwayo ya gan ni a bayan keken ɗinki.

"Ga ɗanka nan babba, ai ɗalibina ne. Shekara guda yana gabana. Kai, tashi ka gaya wa babanka mece ce wannan."

Ko sunana bai kira ba. Na tashi, na karɓi littafin, na duba shi kamar mai nazari. Ƙanena yana tsaye a bakin zaure yana kallona. Na ce, "Malam, ni ai ka ce allura ce tawa. Ina zan san wannan?"

Ya dube ni, na ga ya tuna. Da mai sanyin hali ne, da ya nemi wani a unguwa da ya yi boko ya zo ya raba gardama, ko ya tafi ya dawo gobe da hedimasta. Amma ba haka Allah ya yi shi ba. Muryarsa ta ɗaga.

"Wannan da ma na san babu abin da ke kansa, ashe har da mugunta. Kai kuma, Baba, kana da yaron da babu irinsa a makarantar nan, za ka kashe shi a kan abin da ba ka sani ba. Jahilci ba laifi ba ne, amma mutum ya zauna a kansa yana taƙama..."

Baba mutum ne da ya sauke Alƙur'ani, yana jan salla in liman ba ya nan. Ba a taɓa kiransa jahili ba, balle a ƙofar gidansa, balle daga bakin yaro mai gajeren wando. Ya tashi tsaye a hankali.

"Ni ne jahilin?"

"Ban ce..."

"Ka ce, kowa ya ji. To wallahi, muddin ina numfashi, ɗan nan ba zai ƙara taka makarantarku ba. Ku kai ni wurin mai unguwa, ku kai ni gaban alƙali. Ɗauki kekenka."

Wani daga cikin masu zama ya ƙara da cewa, "Sabon Gari ta can take, Malam, ko ka manta hanya?"

Malamin ya ɗauki kekensa. Bai hau ba, tura shi ya yi har ya sha kwana. An ce ya kai ƙara, mai unguwa kuma ya zo sau ɗaya ya yi magana sama-sama ya tafi. Yaron ya riga ya kusa cika shekara huɗun da ake nema, babu wanda ya ga dalilin tayar da rigima da dattijo a kan sauran 'yan makonni.

Kafin mako ya zagayo, wani maƙwabcinmu da ke aiki a tashar jirgin ƙasa ya zo gaisuwa. Ya ji labari. Ya ce wa Baba, "Haba, Malam, ai alamar lissafi ce kawai. Kullum muna rubuta ta a ofis, har alhazan cikinmu." Baba ya ce, "Ko ma mece ce, na riga na rantse." Ya juyo ya dube ni, kallo mai tsawo. Bai tambaye ni ba. Inna ta yi masa maganar kaffara, ya ce ba zai yi azumi don ya faranta wa wanda ya zage shi ba.

Ranar jarrabawa da safe muka ga yaran da aka zaɓa sun wuce ta gaban rumfa a jere, an yi musu aski, malamin yana gaba. Bai dubi wajenmu ba. Ƙanena yana zaune a ƙasa, an ba shi riga yana ɗaura mata maɓallai. Ya soki yatsa, jini ya ɓata wuyan rigar, Baba ya yi masa faɗa.

Ƙanena tela ya zama, kuma ya fi ni iyawa. Ya yi aure, ya tashi daga gidan ya kafa rumfarsa can wajen Kantin Kwari. Muna haɗuwa a suna da jana'iza. Yakan gaishe ni yadda ake gaida maƙwabci. 'Ya'yansa duk ya sa su makaranta, kuma bai taɓa barin ɗayansu ya kwana a gidana ba.

Sai da Baba ya rasu da shekaru, mu biyun duka mun yi furfura, sannan na iya zuwa rumfarsa na ce ina da magana. Na fara ba shi labarin tun daga ranar da malamin ya tsallake ni da rula, ina so ya gane inda abin ya samo asali. Ya bar ni na gama, yana yankan yadi.

"Duk wannan na sani," ya ce. "Malam ya yi maka rashin mutunci. Baba kuma bai san abin ba, shi ya sa ban taɓa riƙe shi ba. Ni me na yi maka?"

Na ce babu komai. Na ce ya yafe mini don Allah.

Ya ajiye almakashi ya ce zai duba. Sannan ya ce in ɗan matsa, ina tare masa haske.

Na koma sau biyu bayan wannan, kowane zuwa amsar ɗaya ce. Ya rasu shekara shida ke nan. Ni na yi masa wanka, don ni ne babba, kuma babu wanda ya san dalilin da zai sa a hana ni. Na tambayi matarsa ko ya bar mini wata magana. Ta yi tunani, ta ce a'a, bai ambace ni ba.