Makullin Ɗakin Sulaimanu

Shekara ashirin da shida Malam Abdulhadi na Cadawa ya yi yana yi wa dabbobi allurar rigakafi. Daga tari yake gane saniya mai ciwon huhu, kuma bai taɓa kuskuren awon magani ba. Amma abin da ya shafi waya, ɗansa Sulaimanu ya bar wa. Shi ya kafa akwatin wifi a ɗakinsa, ya haɗa shi da batirin hasken rana, don nan ne kawai rezo, wato layin waya, ke kamawa a gidan. In akwatin ya tsaya, daga jami'a a Yamai yake tayar da shi. Malam bai taɓa tambayar ta yaya ba.

Da Sulaimanu ya rasu bara da kaka, aka raba kayansa. Wayarsa ta tafi wurin Sanda, ƙanin Malam, manomi a Gidan Sori. Ɗakin kuwa Malam ya kulle, ya sa makullin a aljihu. Akwatin ya ci gaba da aiki a ciki shi kaɗai.

Wata Talata yana wata ruga kusa da Sae Sabuwa, allura a hannu, sai 'yarsa Hamdiya ta kira.

"Baba, wifi ya ɗauke. Yau ake rufe karɓar takardun makarantar ungozoma, ƙarfe huɗu. Na je bakin hanya da wayata, takardun sun ƙi tafiya."

"To a kashe a kunna mana."

"Yana cikin ɗakin Yaya. Makullin yana ina?"

Ya taɓa aljihunsa. Azahar ta gota, ko babur ɗinsa zai yi fiffike ba zai isa ba.

"Inna ta ce a kira maƙeri ya fasa kwaɗon," in ji Hamdiya.

"Kada a taɓa ƙofar nan." Ya ji muryarsa ta fi yadda ya so ƙarfi. "To shi da yana Yamai, yaya yake yi?"

"Saƙo yake tura wa akwatin. Akwai sim a ciki. Amma ya ce lambarsa kaɗai yake saurare."

Malam ya tsaya yana juya maganar. Akwati mai sauraro, wanda kuma ya san lambar mutum? Makiyayin da ke riƙe da ƙahon saniyar ya ce, "Likita, a sake ta ne ko a riƙe?" Ya ce a riƙe, ya ce a sake, sannan ya koma gindin wata ƙirya.

Wata goma sha ɗaya bai kira lambar nan ba. In yana neman Sanda, ta wayar maƙwabci yake bi, Sanda kuma bai taɓa tambayar dalili ba. Ya nemo sunan, har yanzu Sulaimanu ne a rubuce. Ya danna.

"Salamu alaikum! Wa ke nan?" Muryar Sanda ce, da kukan jaki a bayanta.

"Ni ne. Sanda, akwai wani saƙo a wayar nan da za ka tura wa akwati."

"Wane akwati, Yaya? Na lefe?"

"Na wifi, da ke Cadawa."

"To ni da ke Gidan Sori me ya haɗa ni da shi? Ka san fa ni kore da ja kawai na sani. Kore in amsa, ja in kashe."

Haka suka fara, makaho na jan makaho. Malam ya ce ya nemi hoton ambulan. Sanda ya ce akwai uku. Ya danna ɗaya, rediyo ta kama. Ya danna wani, fitila ta kunna, ya ce shi bai san ma tana da ita ba. Layin ya yanke sau biyu, kuma kowane karo sai Malam ya sake danna sunan nan.

Hamdiya ta kira ta ce Yayanta ya sa wa akwatin suna Gida a wayarsa, a nemi wannan. Malam ya koma wa Sanda.

"Harafi huɗu ne. Na farko kamar lauje mai ƙugiya a ciki, na biyu sanda mai ɗigo a kai."

"Sanda dai? To ga ni na samu kaina." Ya yi dariya. "Akwai rubutu ƙarƙashinsa, iri ɗaya, an jera."

"Danne na ƙarshe ka riƙe, ka sake tura shi."

"Na danne. Ya tafi. A'a, tsaya, kamar wani ne ya tafi. Bari in ƙara."

Uku da rabi ta wuce. Malam na zaune, bai san ko an yi daidai ba, bai ma tabbata ya fahimci abin da ya sa aka yi ba. Ya fara shirya yadda zai ce wa Hamdiya a kira maƙerin, sai ga kiranta.

"Baba, ya dawo! Takardun suna tafiya. Sun tafi!"

"Alhamdu lillahi."

Da ya kashe, ya ga saƙo ɗaya yana jira, wanda Sanda ya tura cikin lalube. Sunan Sulaimanu ne a sama. Tsohon saƙo ne da ya sha samu: "Baba, na gyara. A gwada yanzu."

Ya karanta sau biyu. Ya san sarai yatsan Sanda ne. Duk da haka ya daɗe kafin ya mai da wayar aljihu, inda ta ci karo da makullin. Ya sake kiran Hamdiya.

"In na dawo Alhamis, makullin zai zauna a hannunki. Ki riƙa share ɗakin."

Ta ce, "To, Baba."

Makiyayin yana nan tsaye da saniyarsa. Malam ya duba allurar, ya ga bai tuna ko ya riga ya yi mata ba. A karo na farko cikin shekara ashirin da shida, sai da ya tambaya.