Kibau Uku Masu Jan Zare

Shekarun baya can, tun Bature bai tafi ba, ina ajin ƙarshe na elemantare a Ƙanƙara, hedimastanmu ya shirya nunin kayan tarihi a filin makaranta. Aka ce kowa ya nemo tsohon abu daga gidansu. Ni ba na ƙwallo, ba na kokawa, magana ma sai ta zame mini dole, amma ina son irin wannan aiki. Na bi ayarin 'yan kasuwa zuwa Faskari wurin kakana, wanda maharbi ne a zamaninsa.

Ya sauko da kwari da baka daga inda suke rataye, ya zare kibau uku masu jan zare a gindi ya nuna mini.

"Waɗannan da dafi. Ubana ya shafa shi da hannunshi. Ko ƙwarzane suka yi ma mutum, to sai dai a nemo likkafani. Ka ji ko, malamin boko?"

Na ce na ji. Na dawo da kayan, na cika rabin shafi da bayani, na ja layi biyu ƙarƙashin gargaɗin. Hedimasta ya duba ya ce, "Littafi aka sa ka rubuta? Dafin da ya girmi ubanka ai ya zama ƙura." Ya ɗauki wata 'yar takarda ya rubuta: Kwari da baka na maharban Faskari. Na ce, "To, Malam."

Ranar nunin filin ya cika. Mutanen Sabuwa sun kawo tsofaffin zugazugai, wasu sun kawo tandu da akushi da takubba. Ban kalli ko ɗaya da kyau ba. Na tsaya jikin teburinmu tun hantsi, duk wanda ya matso sai in tare gaban kwarin.

Bayan azahar babban baƙo ya iso, wani dattijo mai duba makarantu daga Katsina, hedimasta na gefensa, dogari na buɗe musu hanya. Aka ja mu baya, aka ce kada wanda ya yi ko tari. Ina kallo ya wuce takubban, ya wuce akushin, ya tsaya kan kwarin kakana. Ya zari kibiya. Jan zare.

Ya ɗaga ta yana yaba aikin maƙerin. Na dubi hedimasta, hedimasta na murmushi. Na yi ƙoƙarin cewa "ranka shi daɗe", harshena ya manne. Sai na ga ya kai babban yatsansa zai gwada tsinin.

Ban san lokacin da na tsallake tabarmar da ke gaban teburin ba. Na dai ga hannuna biyu a damƙe da wuyan hannunsa. Dogari ya shaƙo rigata ta baya har ƙafata ta bar ƙasa, amma ban saki ba.

Ya daka mini tsawa: "Kai! Ɗan gidan uban wa ne wannan?"

Duk rabin shafin nan da na rubuta, kalma ɗaya ta fito, ita ma da muryar ɗan akuya: "Dafi."

Dattijon bai motsa ba. Ya ce da dogari, "Sake shi." Sannan ya dube ni. "Kai ma sake ni, ɗana, a hankali." Ya ajiye kibiyar kamar mai ajiye ƙwai. Wani tsohon maharbi daga cikin 'yan kallo ya matso, ya duƙa ya dubi baƙin abin da ya daskare a bakin ƙarfen, ya ce, "Ranka shi daɗe, ni dai ko da zane ba na taɓa ta."

Baƙon ya tambayi hedimasta ko an san da haka. Hedimasta ya dube ni, ni kuwa na dubi ƙasa. Ban tona ba, shi ma bai sake ɗaga maganar ba har na bar makarantar.

Da na mayar da kayan Faskari na tambayi kakana ko da gaske dafin yana ci har yanzu. Ya ce, "Wa ya sani? Kana so a gwada a kan mutumin Katsina?"

Yau na tsufa, kunyar kuma ba ta bar ni ba. Amma idan na tuna ranar, ba damƙar da na yi ke fara zuwa mini ba. "To, Malam" ɗin nan ce ke zuwa, wadda na faɗa alhali na san ba to ba ne. Saura kaɗan ta kashe mutum.