Sandar da Na Kafa a Bakin Teku

Mun tashi daga Gaya da asuba, ni da ƙanina. Dalilin tafiyar ɗaya ne. Babban ɗana yana aikin ƙarfe a filin jirgin sama na wani tsibiri, ya aiko hoto a telefon: hanyar saukar jirgi ɗore a kan ginshiƙai, teku a gindinsu. Na ce wa uwarsa zan je in gani da idona. In wurin bai yi mini ba, tare za mu dawo, ko da zai rasa aikin.

Kwale-kwale ya ƙetarar da mu kogi zuwa Malanville, daga nan muka shiga kar, babbar motar fasinja, har Cotonou. Direban gudu ne da shi, na yi masa magana, ya ƙara rediyo. A Parakou muka ci sakwara mai kyau, miyar ce dai yaji ya yi mata yawa. Daga Cotonou sai jirgi, sai kuma wani jirgin.

Tsibirin dutse ne tsaye, babu shimfiɗaɗɗen wurin da zai isa gonar shinkafa ɗaya. Da muka zo sauka iska ta riƙa jijjiga mu, ƙanina ya karanto duk addu'ar da ya sani.

Washegari yaron ya shiga da mu ƙarƙashin hanyar. Kamar rumfa take, amma kowane ginshiƙi mutum biyar ba za su iya rungume shi ba. Ya ce da fili ya ƙare musu, sai suka haƙa har suka taɓa dutse, suka zuba kankare, suka ɗora hanyar a sama. Gishirin teku na cin ƙarfe, gyaransa ne aikinsu. Na saurara, amma ina da nawa gwajin.

A wajenmu, in kogi ya soma cika, sanda ake kafawa a bakin ruwa. In ya hau taƙi guda a wuni, sai a kwashe hatsi, a kai awaki tudu. Na samo sanda, na soke ta tsakanin duwatsu da safe. Bayan azahar na dawo, babu sanda. Ruwa ya shanye ta har kai.

Na ce wa yaron, "Kai, tattara kayanka."

"Lafiya, Baba?"

"Ruwan da ya ci sanda kafin la'asar, gobe yana kan hanyar jirginku."

"Baba, kullum haka yake yi. Ya hau, ya sauka, sau biyu."

"Ni za ka koya wa ruwa? A bakinsa aka yanke mini cibiya."

Yaron ya kawo mana kujeru. Muka zauna muna kallo. Can kan sandar ya leƙo, kafin magariba ta fito duka, tana nan inda na soke ta. Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Ƙanina ya ce, "Yaya, a dawo da awakin?"

Washegari na sake gwadawa, don sau ɗaya ba shaida ba ne. Haka ruwan ya yi.

Mun iso gida lafiya. Abin da na koyo shi ne, na san kogi, ban san teku ba, kuma saura kaɗan in raba yaro da abincinsa a kan haka. Uwarsa ta tare ni a zaure, tana leƙen bayana.

"Malam, ina yake?"

Na ce, "Na bar shi a bakin aikinsa. Ginin yana da kyau."